Bayan Sallama Daga Asibiti, Da Sauran Rina A Kaba Ga Tsofaffi Masu Gazawar Zuciya

Daga Wakilinmu

A al'adarmu, ranar da likita ya sallami dattijo daga asibiti rana ce ta farin ciki. 'Ya'ya da jikoki su naɗe tabarmi su tattara kwanukan abinci, maƙwabta su yi ta shigowa barka da arziki, kowa kuma ya sa a ransa cewa wahala ta ƙare. A kan cututtuka da dama, kamar zazzaɓin cizon sauro ko aikin yanar ido, wannan zato daidai ne. Amma ga tsohon da aka kwantar saboda gazawar zuciya, binciken likitoci a ƙasashe dabam-dabam ya tabbatar da cewa makonnin farko bayan komawa gida suna cikin lokatai mafi hatsari gare shi, kuma abin da iyali da asibiti suka yi, ko suka bari, a cikin waɗannan makonni yana da babban tasiri a kan yadda ƙarshen al'amarin zai kasance.

Wannan magana ta shafi masu karatunmu ƙwarai da gaske, domin a yawancin gidaje ma'aikaci mai albashi shi ne ke sayen magani, ɗalibi kuwa shi ake miƙa wa takardar asibiti a ce ya karanta.

MECE CE GAZAWAR ZUCIYA?

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannu, wadda ke bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana domin ta tura jini zuwa dukkan sassan jiki. Idan likita ya ce zuciya ta gaza, abin da yake nufi shi ne tana aiki, amma aikin ba ya biyan bukatar jiki. Ya kamata a bambanta wannan da bugun zuciya na farat ɗaya, watau toshewar jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar, ko da yake shi ma yakan haifar da gazawar daga baya.

Sa'ad da jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sai ƙodar ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Ruwan nan shi ke taruwa a huhu ya kawo haki da sarƙewar numfashi, musamman in mutum ya kwanta, shi ne kuma ke kumbura ƙafafu da ciki. Ciwon iri biyu ne. Akwai wanda tsokar zuciya ke saki ta buɗe, ta kasa matsa jini da ƙarfi. Akwai kuma wanda tsokar ke yin kauri ta sandare, ta kasa buɗewa ta karɓi jini yadda ya kamata, wannan kuwa ya fi yawa ga tsofaffi, musamman mata masu hawan jini. Hoton zuciya da ake kira eko shi ke rarrabe su. An ƙiyasta cewa cikin 2017 mutum wajen miliyan 64 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, a ƙasashen Turai kuwa yana kama fiye da mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka kai shekara 70.

Aikin da ake yi wa mai wannan ciwo a gadon asibiti, galibi, shi ne a cire ruwan da ya taru ta hanyar allurar sa fitsari, a sa masa iskar oksijin in numfashi ya yi tsanani. Cikin mako ɗaya ko biyu kumburi ya saɓe, numfashi ya daidaita, a sallame shi. To, a nan an kwashe ruwan da ya taru a ɗaki ne kawai, rufin da ke yoyo yana nan yadda yake.

ABIN DA ƘIDIDDIGA TA NUNA

Tun cikin 1971 wani dogon bincike da aka fara a 1948 a garin Framingham na ƙasar Amurka ya ba da rahoton cewa cikin shekara 5 da kamuwa da ciwon, maza 62 cikin 100 da mata 42 cikin 100 sun rasu, kuma kashi 75 cikin 100 na masu ciwon hawan jini ne ya riga ya kama su. Cikin 2001 wasu masana suka bi diddigin waɗanda aka kwantar a asibitocin Sikotland a shekarar 1991, suka tarar kimanin mutum 1 cikin 4 kaɗai ya kai shekara 5 a raye, watau sakamakon ya fi na sankarar hanji muni ga maza, ya kuma fi na sankarar mama muni ga mata.

Game da tsofaffi musamman, wani rahoto na 2017 ya duba mutum 39,982 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka kwantar a asibitoci 254 na Amurka tsakanin 2005 da 2009. Bayan shekara 5, kashi 75 cikin 100 sun riga mu gidan gaskiya, rabinsu kuwa ba su wuce shekara 2 da 'yan makonni ba. Abin lura shi ne babu wani bambancin kirki tsakanin masu sakakkiyar zuciya da masu sandararriya.

Wani binciken da aka buga cikin 2007, a kan mutum fiye da 14,000 a lardin British Columbia na ƙasar Kanada, ya nuna yadda kowace kwanciya ke rage ƙarfin mai ciwo. Bayan kwanciya ta farko, rabin marasa lafiyar sun rayu fiye da kimanin shekara 2 da wata 5. Bayan ta biyu lokacin ya sauko zuwa shekara 1 da wata 5, bayan ta uku shekara 1, bayan ta huɗu kuwa kimanin wata 7.

Lalle ne mai karatu ya fahimci cewa wannan lissafi ne na taron jama'a, akasarinsu tsofaffi tukuf masu wasu cututtukan a jiki, kuma an tattara shi kafin fitowar wasu magungunan da ake da su yanzu. Ba hukunci ba ne a kan wani mutum guda, rai da ajali na Allah ne. Amfanin lissafin shi ne ya nuna wa jama'a cewa hana komawa gadon asibiti, shi ma, ceton rai ne.

MAKONNIN FARKO

Hatsarin ya fi taruwa a kwanakin da ke biye da sallama. Wani nazari na 2007 ya nuna cewa a watan farko bayan fita asibiti, hatsarin mutuwa ya ninka kusan sau 6 in aka gwada da na masu irin ciwon da ba a kwantar ba, sa'an nan ya riƙa raguwa sannu a hankali. Har wa yau, bayanan shirin Medicare, mai biyan kuɗin jinyar tsofaffi a Amurka, na shekarun 2007 zuwa 2009 sun nuna kusan mutum 1 cikin 4 an sake kwantar da shi kafin kwana 30 su cika, rabin waɗanda suka koma kuwa cikin kwana 12 na farko suka koma.

Abin mamaki a nan shi ne kashi 35 cikin 100 kaɗai na waɗanda suka koma ne gazawar zuciyar ta sake mayarwa. Sauran, ciwon huhu ne, ko matsalar ƙoda, ko rikicewar bugun zuciya, ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da makamantansu. Farfesa Harlan Krumholz na Jami'ar Yale ya yi bayanin wannan cikin 2013, inda ya nuna cewa zaman asibiti shi kansa yana raunana tsoho: barci ba ya isarsa, abinci ba ya shiga, tsokar ƙafafu tana zubewa saboda kwanciya, wani lokaci har hankali ya ɗan gushe. Saboda haka yakan koma gida jikinsa a buɗe ga kowace irin cuta.

Bugu da ƙari, da yawa akan sallame su da sauran ruwa a jiki, kuma da sababbin magunguna waɗanda ba a gama daidaita ma'auninsu ba. In maganin sa fitsari ya yi kaɗan ruwa ya dawo, in ya yi yawa jiki ya bushe, jini ya sauka, jiri ya kayar da tsoho, ƙoda kuma ta taɓu. Ga shi kuma da wuya a sami dattijo mai gazawar zuciya wanda ba ya fama da ciwon sukari, ko raunin ƙoda, ko ƙarancin jini.

HALIN DA AKE CIKI A AFIRKA

Alƙaluman da aka kawo a sama na ƙasashen masu arziki ne. A nahiyarmu an yi wani babban bincike tsakanin 2007 da 2010 a ƙasashe 9, har da Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Albertino Damasceno na Mozambik, kuma Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin waɗanda suka gudanar da shi. An duba mutum 1,006, aka tarar matsakaicin shekarunsu 52 ne, watau ciwon yana kama mutanenmu shekara 20 ko fiye kafin lokacin da yake kama Turawa. Hawan jini shi ne sanadi ga kashi 45 cikin 100, lalacewar ƙofofin zuciya, wadda ke samo asali daga ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun ƙuruciya, ita ce sanadi ga kashi 14, toshewar jijiyoyin zuciya kuwa ba ta kai kashi 8 ba.

Darasi mafi girma a wannan bincike shi ne, waɗanda suka rasu a gadon asibiti kimanin 4 ne cikin 100, amma da aka cika wata 6 adadin ya kai kusan 18 cikin 100. Ke nan mafi yawan rashin ya auku ne bayan an yi barka da sallama.

Cikin 2017 kuma aka buga sakamakon wani binciken a kan mutum 5,823 a ƙasashe 16, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano yake cikin marubutansa. Cikin shekara 1, kashi 34 cikin 100 na marasa lafiyar Afirka sun rasu, alhali a Indiya kashi 23 ne, a Amurka ta Kudu kashi 9, a ƙasar Sin kashi 7. Duk da haka 'yan Afirka suna cikin mafi ƙarancin shekaru a binciken. In wannan shi ne halin mai shekara 53, mai karatu ya auna da kansa halin da ɗan shekara 70 zai shiga.

MAGANI YA CI GABA

Duk da wannan, ba a inda ake jiya ake yau ba. Cikin 1987 wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan mutum 253 masu tsananin ciwon ya nuna maganin enalafiril ya rage mutuwa a wata 6 daga kashi 44 zuwa kashi 26 cikin 100. Cikin 1999 aka tabbatar da cewa sifironolakton yana rage mutuwa da kashi 30 cikin 100, magungunan rage saurin bugun zuciya kuma da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Cikin 2019 aka gano cewa wasu magunguna da aka ƙera domin ciwon sukari suna taimakon zuciya ko da mutum ba shi da sukari. Waɗannan rukunoni huɗu su ne ginshiƙan maganin mai sakakkiyar zuciya a yau. Daga 2021 kuma an nuna rukuni na ƙarshe yana rage kwanciya asibiti ga masu sandararriyar zuciya ma. Shi kuwa maganin sa fitsari da aka fi sani da Lasix, aikinsa sauƙaƙa kumburi da haki, ba ya maye gurbin sauran.

Sai dai magani ba ya aiki a cikin kwalba. Cikin 1995 Dokta Michael Rich da abokan aikinsa a birnin St. Louis na Amurka suka gwada wata dabara a kan tsofaffi 282 'yan shekara 70 zuwa sama. Rabinsu aka haɗa su da ma'aikaciyar jinya mai koya musu yadda ciwon yake, da mai ba da shawara kan abinci, aka tsara musu magunguna, aka riƙa ziyartarsu a gida ana buga musu waya. Cikin kwana 90, komawa asibiti saboda gazawar zuciya ya ragu da kashi 56 cikin 100.

Cikin 2022 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwajin da aka yi a ƙasashe 14, har da Nijeriya, inda Dokta Hadiza Saidu ta Kano take cikin marubuta. Daga cikin mutum 1,078, rabi an riƙa ganinsu a mako na 1, da na 2, da na 3, da na 6 bayan sallama, ana auna jininsu ana ƙara ma'aunin magani da sauri. A wata 6, kashi 15 cikin 100 na wannan rukuni ne suka rasu ko suka koma asibiti saboda ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 23 ne, kuma galibin ribar ta fito ne daga raguwar komawa asibiti. Abin da ya raba rukunin biyu shi ne yawan dubawa da saurin daidaita magani.

AIKIN IYALI

Ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka sun yi umurni da a sake ganin mai ciwo cikin mako 1 zuwa 2 bayan sallama. Don haka kada iyali su bar asibiti sai sun san ranar dawowa, da sunan kowane magani da amfaninsa, da waɗanda aka dakatar daga cikin tsofaffin magungunan da ke gida, da kuma nauyin mai ciwo a ranar sallama. A wannan dawowa ake auna jini, a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam, wanda wasu daga cikin magungunan ke ɗagawa ko saukarwa.

Babban kuskuren da ake yawan yi shi ne barin magani da zarar kumburi ya saɓe. Wani dattijon kuma yakan ajiye maganin sa fitsari domin yana karya masa alwala, ko yana hana shi zaman masallaci da tafiya. Maganin wannan shi ne a gaya wa likita ya gyara lokacin sha. Haka nan batun azumi, a tambayi likita tukuna, addini kuwa ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame.

Sai kuma maganin ciwon gwiwa da na baya da ake saye a kemis, irin su diklofenak da ibufurofen da firoksikam. Waɗannan suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, suna kuma cutar ƙoda, saboda haka mai gazawar zuciya ya nisance su. Farasitamol ya fi aminci gare shi.

Dangane da abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum ke ci ya kai giram 5 a rana, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen ɗanɗanon miya yana cikin wannan lissafi. Kanwa ma haka, domin tana ɗauke da sinadarin sodiyam irin na gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka danganta yawan shan kunun kanwa da gazawar zuciya ga masu jego, kuma abin da ya nauyaya zuciyar budurwar uwa ba zai bar ta tsoho ba. Duk jiƙon da aka sa wa kanwa a kiyaye shi. Amma kada a wuce gona da iri: wani gwaji na 2022 ya nuna matsanancin hana gishiri bai rage mutuwa ko kwanciya ba, tsohon da aka hana wa ɗanɗano gaba ɗaya kuwa yakan daina cin abinci ya rame.

Kowace safiya, bayan fitsari kafin karin kumallo, a auna nauyinsa a rubuta a littafi. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a nemi likita. Inda babu sikeli, a lura da takalmin da ya fara matsewa, da ramin da yatsa ke bari in an danna ƙwauri. Sauran alamomin su ne ƙarin matashin kai kafin a iya barci, farkawa cikin dare da haki, tari in an kwanta, da raguwar fitsari. Zawo da amai, ko tsananin zafin bazara, suna iya busar da jikin mai shan maganin fitsari, shi ma a sanar da likita. Ciwon ƙirji, ko suma, ko haki a zaune, waɗannan ba sa jiran wayewar gari.

Kada kuma tausayi ya sa a ɗaure tsoho a kan gado. Wani gwaji na 2021 a kan mutum 349 'yan shekara 60 zuwa sama ya nuna motsa jiki bisa tsari, tun daga asibiti, yana ƙara musu ƙarfin tashi da tafiya. Zagayen tsakar gida da takawa zuwa masallacin unguwa, gwargwadon abin da numfashi ya ɗauka, suna da amfani.

Akwai kuma lokacin da ciwon kan yi nisa har magani ya kasa mayar da shi baya. In an kai nan, wajibi ne likita ya faɗa wa iyali gaskiya cikin hikima, a ji ra'ayin shi mai ciwon, a mai da hankali ga sauƙaƙa masa numfashi da raɗaɗi a inda ya fi samun natsuwa.

KIRA GA HUKUMA

Duk abin da aka zana a sama yana bukatar kuɗi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Tsarin inshorar lafiya na ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da aka fara cikin 2005 ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, tsohon da ke ɗakin zaure ba ya cikin wannan lissafi. Ma'aikacin gwamnati kan yi ritaya a shekara 60, ko bayan shekara 35 yana aiki, watau daidai lokacin da ciwon ya fi kusantarsa, magani kuwa ba ya jiran ranar biyan fansho.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, har da tsofaffi. Ya kamata gwamnatocin jihohi su tabbatar da cewa magungunan zuciya da gwajin ƙoda sun shiga cikin abin da ake biya, su kuma shigar da 'yan fansho cikin tsarin. Haka nan manyan asibitocinmu su ware rana ta musamman domin ganin waɗanda aka sallama cikin mako biyu, su ɗora wa wata ma'aikaciyar jinya alhakin buga musu waya, ƙananan asibitocin karkara kuma a tanadar musu sikeli da na'urar awon jini, domin a rage wa tsoho doguwar tafiya zuwa birni. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai tsadar sake kwantar da mutum.

A ƙarshe, tun da hawan jini shi ne babbar ƙofar wannan ciwo a ƙasarmu, kuma an ƙiyasta yana tare da kimanin mutum 1 cikin 3 na manya, ma'aikacin da ke ɗawainiyar mahaifinsa a yau ya tsaya a auna nasa jinin, in an rubuta masa magani ya riƙe shi da gaske. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.